Yadda ofishin ilimi na ƙaramar hukuma zai gane ko manhajar karatu tana aiki a makarantunsa

Duk ƙarshen zango takardun sakamako sukan taru a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, kuma wanda ya duba su zai ga kusan kowane yaro ya ci. Amma malamin ƙaramar sakandare da ya karɓi yaran nan bayan sun gama aji shida, nasa labarin daban ne, domin a cikinsu akwai wanda ba zai iya karanta sunan garinsu a allo ba. Idan aka zauna taro sai wani ya ce manhaja ce ta yi nauyi, wani ya ce malamai ne ba sa aiki, wani ya ɗora wa iyaye. Kowa da tasa gaskiyar, sai dai babu mai hujja a hannu. Abin da ke tafe hanya ce ta samo hujjar, kuma sakataren ilimi da jami'ansa, da shugabannin makarantu, da 'yan kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, har mai makarantar kuɗi, duk za su iya bin ta ba tare da jiran wata ƙungiya daga waje ba.

A Amurka akwai gundumomin makarantu sama da 13,000, kuma kowace gunduma ita ke zaɓar littattafai da tsarin darussanta bisa ma'aunin da jiha ta gindaya. Saboda haka duk bayan 'yan shekaru sukan zauna su bi manhajar kowane darasi, su ga ko a ci gaba da ita ko a sauya. Dokar tarayyarsu ta 2015 ta wajabta a gwada yara a karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa aji takwas, to suna da alƙaluman da za su duba. Mu namu tsarin ba haka yake ba. Hukumar NERDC, ta gwamnatin tarayya, ita ce ke rubuta manhaja ga ƙasa baki ɗaya. Ta fitar da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da aka fara aiki da ita a 2008, aka yi mata gyara aka fara koyar da gyararriyar a 2014 bayan an rage darussa daga kusan 20 zuwa 10, sannan a 2025 gwamnatin tarayya ta sake sanar da wani sabon gyara. Ƙaramar hukuma ba ta da ikon cire ko layi ɗaya daga ciki. Amma ita ce ofishin da ya fi kusa da aji, kuma daga Abuja ba a jin muryar yaro yana karatu.

Abu ɗaya za a riƙe kafin a fara. Manhaja uku ce a kowace makaranta: wadda ke rubuce a takarda, da wadda malami ya samu damar koyarwa, da wadda ta zauna a kan yaro. Ba a yanke wa ta farko hukunci sai an auna ta biyu da ta uku. Yawancin gardamar da ake yi a taro daga tsallake wannan take fitowa.

Da farko, a rage tambayar

"Shin manhaja tana aiki?" ba tambaya ce da za a iya amsawa ba. Darussa sun kai goma, azuzuwa tara, makarantu kuwa a wata ƙaramar hukumar sun haura ɗari. Ku zaɓi darasi ɗaya ko biyu, da aji ɗaya ko biyu. A ganina babu inda ya kamata a fara da ya wuce karatu da lissafi a aji biyu da aji huɗu. Yaron da bai iya karatu ba, kimiyya da zamantakewa da addini duk a rufe suke gare shi, ko da an ba shi maki 70 a kowanne.

Sai a rubuta tambayar yadda za a iya ƙirga amsarta. Misali: a cikin yaran da ke gama aji biyu, kashi nawa ne ke iya karanta gajeren labari na Hausa su amsa tambaya a kansa? A cikin 'yan aji huɗu, kashi nawa ke iya ɗebewa mai aro a takarda? Ku rubuta wannan a takarda ɗaya, sakataren ilimi ya sa hannu, a liƙa a ofis. Idan ba a yi haka ba, kafin wata guda aikin zai rikiɗe ya koma duba rufin kwano da ƙirga kujeru.

Mutanen da za su yi aikin kada su yi yawa. Jami'an sa ido da ke zagaya makarantu, da shugabannin makarantu biyu ko uku da aka san su da riƙon amana, da malama ko malamin aji da har yanzu alli ke hannunsa, da mutum ɗaya daga SBMC. A tabbata akwai mata a ciki, domin yarinya 'yar shekara bakwai ta fi sakin jiki ta yi karatu a gaban mace, kuma iyaye mata sun fi faɗin gaskiya gare ta.

A tattara takardun, a jera su

Ku ɗauko kundin manhajar NERDC na ajin da kuka zaɓa, da sikim ɗin da jiha ta raba, wato jerin abin da za a koyar mako-mako, da littafin da yara ke amfani da shi, da lesin not na malami, wato shirin darasin da yake rubutawa, da dayarin abin da ya koyar da yake cikewa duk mako, da tambayoyin jarrabawar zangon da ya wuce. Ku shimfiɗa su a tebur ɗaya.

Abin farko da za ku bincika shi ne ko duk takardun nan zamaninsu ɗaya. Ba abin mamaki ba ne a samu sikim na gyaran baya, littafin yara na wanda ya gabace shi, malami kuma yana kwafar lesin not ɗin da ya rubuta shekaru da dama. Akwai makarantun da kundin manhajar kansa babu shi ko kwafi ɗaya. Idan haka ne ku rubuta, domin wannan ma sakamako ne.

Daga nan ku zana jadawali mai sauƙi. A layin hagu ku jera abubuwan da manhaja ta ce yaro zai iya a ƙarshen ajin, ɗaya bayan ɗaya. A gaban kowanne ku sa alama: yana cikin sikim? Yana cikin littafi? Dayari ya nuna an koyar? An tambaye shi a jarrabawa? Gurabun da suka fito babu alama su ne wuraren da manhajar ke yoyo. Sau da yawa za a ga abin da ke farkon sikim an koyar an kuma tambaya, na ƙarshen zango kuwa babu wanda ya taɓa shi, sai malamin aji na gaba ya ɗora gini a kan abin da ba a yi ba.

A yi hattara da dayari. Takarda ce da malami ke cikewa don sufeto ya gani, kuma an san ana cike na mako huɗu a zama ɗaya. Wanda ke faɗin gaskiya shi ne littafin rubutun yaro. Ku karɓi na yara biyar ko shida a kowane aji, ku ƙirga ranakun da aka yi aiki a darasin, ku duba ko malami ya sa jan biro. Idan dayari ya ce an yi mako goma, littafin yara ya nuna darasi tara kacal, kun san wanda za ku yarda da shi.

A ƙirga kwanakin da aka yi karatu

Wannan matakin ba shi da wahala, amma shi aka fi tsallakewa. Wanda ya tsara sikim ya ɗauka zango na da mako 12 ko 13 cikakku. Ku ɗauki kalandar zangon ku fara cirewa. Makon farko yakan tafi a shara da jiran yara su dawo. Makonni biyu na ƙarshe na bita ne da jarrabawa da cike sakamako. Sai ranakun hutun gwamnati, da ranar kasuwar garin da rabin aji ke talla, da lokacin shuka da na girbi, da ranakun da malami ya tafi tantancewa ko bin albashi, da ranakun da ruwa ya cika hanya, da wuraren da rashin tsaro ya sa aka rufe. Abin da ya rage shi ne ainihin zangon.

A ce mako takwas suka rage cikin goma sha uku, kuma a kowace rana ba a fara darasi sai an ci rabin sa'a daga lokacin da jadawali ya sa. To manhajar da aka yanka wa mako goma sha uku ba a gwada ta ba tukuna, balle a ce ta gaza. Rajistar yara da littafin sa hannun malamai za su taimaka, amma a haɗa da zuwan ba-zata da sassafe, a ƙirga kawunan da ke aji a gwama da sunayen da ke rajista.

Zaɓen makarantu da yara

Ba dole a je kowace makaranta ba. Goma sha biyu zuwa sha biyar sun isa a zagayen farko, muddin an zaɓe su da adalci. Ku raba makarantunku kashi-kashi: na cikin gari, na ƙauyen da ke bakin titi, na lungu, na makiyaya idan akwai, da islamiyyun da ke koyar da boko. Ku rubuta sunayen kowane kashi a 'yan takardu, a naɗe, a ɗiba a gaban kowa. Idan aka bar wa jami'i ya zaɓa, makarantar da babur ɗinsa ke isa cikin sauƙi zai kawo.

Haka ma yara. Kada hedimasta ya turo su, domin babu shugaban da zai turo wanda zai ba shi kunya. Ku jera yaran da suka zo ranar, maza layi ɗaya mata layi ɗaya, ku ƙirga ku ɗauki kowane na biyar ko na bakwai, gwargwadon yawan ajin, har ku samu goma ko sha biyu, rabi maza rabi mata.

Kafin a shiga makaranta a faɗa wa malamai a fili cewa ba su ake jarrabawa ba, kuma sunan kowa ba zai shiga rahoto ba. Malaman Arewa ba su manta da abin da ya faru a Kaduna a 2017 ba, lokacin da gwamnatin jihar ta ce malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka sa ba a gwajin da aka yi musu, aka kuma sallame su. Ko me mutum ke gani game da wannan matakin, tun daga nan duk wanda ya shigo aji da takarda a hannu ana yi masa kallon mai ɗauke da takardar kora. Malamin da ke tsoro zai shirya muku wasan kwaikwayo, ku koma ofis da labarin da ba shi ne ba. Idan kun yi alkawarin ɓoye suna, ku cika.

A zauna a aji

Mutum ɗaya ya shiga, ya zauna a baya, ya yi shiru tun daga farkon darasi har ƙarshe. Ba gyara, ba tsoma baki. Ya riƙe agogo da takarda, duk bayan minti uku ya ɗaga kai ya rubuta abin da ke faruwa a daidai lokacin: malami na bayani, ko yara na maimaitawa baki ɗaya, ko suna kwafa daga allo, ko kowa na aiki da kansa, ko malami ya fita, ko ana tsawatarwa. A darasin minti 35 zai samu alama goma sha ɗaya ko sha biyu, kuma su kaɗai sun isa su nuna inda lokaci ke tafiya.

Ya kuma lura da abubuwa kaɗan. Yara nawa ke aji? Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma duk wanda ya shiga makarantun gwamnati a manyan garuruwanmu ya san ana samun ninki biyu ko uku na haka. Littafi nawa ke hannun yara, ba wanda ke kulle a ofishin hedimasta ba? Wa malami ke tambaya, 'yan layin gaba kaɗai ko har na baya? Da wane harshe ake bayani, da wanne ake rubutu a allo?

Batun harshe yana da nauyi. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa, a ƙarshen 2025 kuma aka janye aka ce a koma Turanci. Ko me takarda ta ce, abin da ke faruwa a yawancin azuzuwanmu shi ne malami ya karanta da Turanci, ya fassara da Hausa, yara su kwafi Turancin ba tare da sun san me suka rubuta ba. Mai sa ido ya rubuta abin da ya ji da kunnensa, kada ya rubuta abin da doka ta ce a yi.

Maimaitawa baki ɗaya tana ruɗar baƙo. Aji ya ɗauki murya, gini na amsawa, sai ka ce kowa ya iya. Yara biyar ne ke jan karatun, saura bin sauti suke.

A saurari yaro shi kaɗai

Nan ne zuciyar aikin. A makarantar allo yaro ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam ya biya shi kaɗai, malam ya ji da kunnensa. Boko ce ta bar wannan, ta koma tura aji gaba ɗaya duk shekara. Gwajin da za ku yi komawa ne ga waccan ƙa'ida.

Akwai hanyoyi biyu sanannu, kuma duk an yi aiki da su da Hausa. Ta farko ita ce EGRA, wato gwajin karatun yaran ƙananan azuzuwa, wadda aka ƙirƙiro a 2006, aka kuma yi amfani da ita a Bauchi da Sakkwato ƙarƙashin shirye-shiryen da suka samar da littattafan Mu Karanta. Ana ba yaro minti ɗaya a kowane sashe: sautin haruffa, gaɓoɓi, kalmomin da ya saba, sannan gajeren labari, a ƙirga abin da ya karanta daidai. Ta biyu ta fi sauƙi, daga ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito, kuma da ita ake raba yara a tsarin TaRL, wato koyar da yaro daidai matakinsa, da aka gwada a Borno da kuma ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Kano. Takarda ɗaya ce mai hawa huɗu: haruffa, kalmomi, sakin layi, labari. Ga ofishin da ba shi da kuɗi da kwamfuta, wannan ta biyun nake ba da shawara.

Ga yadda ake haɗa ta. Ku zaɓi haruffa goma, ku tabbata ɓ da ɗ da ƙ suna ciki, da tagwaye irin su sh da ts. Ku zaɓi kalmomi goma masu gaɓa biyu da yaro ke ji kullum, kamar gida, rana, ƙofa, tsaba. Ku rubuta sakin layi mai jimla huɗu gajeru. Sai labari mai jimla takwas zuwa goma, da tambayoyi biyu ko uku. Kada a ɗauko labarin daga littafin ajinsu. Yaranmu gwanayen hadda ne, yaro zai iya rera muku shafi guda idonsa na kallon taga. Ku rubuta sabo, misali labarin yarinyar da akuyarta ta ɓata ranar kasuwa aka same ta a bayan masallaci. A buga da manyan haruffa, a yi iri biyu ko uku masu nauyi ɗaya, domin wanda ya fito zai faɗa wa na waje abin da aka tambaye shi.

Ku zauna da yaron a inuwa, nesa da malaminsa, ba bulala a kusa. Ku tambaye shi sunansa, ku ɗan yi masa wasa, ku ce ba jarrabawa ba ce. A fara da sakin layi. Idan ya karanta shi kamar mai magana, kuskure bai wuce biyu ko uku ba, a hau da shi zuwa labari. Idan ya kasa, a sauko zuwa kalmomi, idan nan ma ya kasa a sauko haruffa. Inda ya tsaya shi ne matakinsa, sai a rubuta: bai fara ba, harafi, kalma, sakin layi, ko labari. Yaron da ya yi shiru kada a matsa masa, a gode masa a sallame shi da fara'a. Minti biyar zuwa bakwai ya isa kowane yaro.

Lissafi ma haka: gane lamba daga 1 zuwa 9, daga 10 zuwa 99, tarawa, ɗebewa mai aro, rabawa. Amma ku ƙara tambaya ɗaya ta baki da Hausa: an sayi ƙosai na naira 350 an ba da 500, nawa ne canji? Za ku sha mamakin yawan yaran da za su amsa nan take, musamman masu talla, alhali 500 a cire 350 a takarda ya gagare su. Wannan yaro ba lissafi ne bai iya ba. Hanyar da ake bi a aji ce ba ta haɗu da abin da ya riga ya sani ba, kuma wannan magana ce da ta shafi manhaja kai tsaye.

Kafin a fita, masu gwajin su yi atisaye tare. Mutum biyu su saurari yaro ɗaya, kowa ya rubuta matakinsa a ɓoye, a gwama. Idan suna saɓawa, a daidaita fahimta tukuna. In ba haka ba bambancin da za ku gani tsakanin makarantu na masu gwaji ne, ba na yara ba.

Ga manyan azuzuwa da sauran darussa, a yi gajeriyar jarrabawa ta bai-ɗaya, tambaya 20, kowace tambaya an ɗaure ta da abu ɗaya daga jadawalin da kuka zana tun farko. Malaman wata makaranta su sa ido, na wata su duba.

Karanta sakamako

Kada ku fara da matsakaicin maki, yana ɓoye abu mafi muhimmanci. Ajin da yara goma suka ci 90, talatin suka ci sifili, da ajin da kowa ya ci ashirin da 'yan kai, matsakaicinsu kusan ɗaya ne, amma cutarsu daban, maganinsu daban. Ku ƙirga yara nawa ke kowane mataki, ku fara da waɗanda ko harafi ba su gane ba. Sannan ku raba: maza da mata, gari da ƙauye, masu zuwa kullum da masu fashi, waɗanda Hausa ce harshen gidansu da masu Fulatanci ko Barbarci ko wani harshen.

A jarrabawar takarda, ku zana tebur, sunayen yara a tsaye, lambobin tambaya a kwance, 1 ga wanda ya ci, 0 ga wanda ya faɗi. Kowa ya saba tara makin yaro. Ku kuma ku tara na kowace tambaya daga sama zuwa ƙasa, domin a nan ake ganin batun da ya gagari kowa.

Yanzu sai a haɗa wannan da abin da littafin yara da zaman aji suka nuna. Kowane batu zai faɗa ɗaya daga gida huɗu. An koyar kuma yara sun iya, a bar shi. Ba a koyar ba kuma ba su iya ba, wannan matsalar lokaci ce ko rashin malami ko rashin littafi, kuma gyaranta na hannunku. Ba a koyar ba amma sun iya, to a wani wuri suka samo, islamiyya ko lesin ko kasuwa, kada makaranta ta ɗauki yabon. Na huɗun shi ne wanda kuke nema: an koyar, malamai daban-daban, a gari da ƙauye, har da waɗanda kuka gani da ido sun iya aiki, amma yara sun faɗi ko'ina. A nan kaɗai ake da hurumin cewa laifin manhaja ne. Ko dai batun ya zo kafin lokacinsa, ko ya dogara da wani abu da ba a gina ba a ajin baya, ko an ba shi mako ɗaya alhali yana buƙatar uku, ko harshen littafin ya fi ƙarfin yaran.

Kafin ku rufe, ku koma ga malamai da teburin nan. Ku tara su shida ko takwas ba tare da shugabanninsu ba, ku tambaye su wane batu suke tsallakewa, kuma me ya sa. Wani zai ce shi kansa ba a taɓa koya masa ba, ko a lokacin da yake karatun NCE a kwalejin horar da malamai. Irin wannan amsar ba ta fitowa a gaban hedimasta. Iyaye kuma tambaya ɗaya ta ishe su: me yaronku ke iya yi yanzu da bai iya ba bara?

Idan sabon abu kuke son gwadawa

Wani lokaci tambayar ita ce ko sabon littafi ko sabon horo ya kawo canji. A nan sai an auna kafin a fara, a sake aunawa a ƙarshen shekara, da gwaji mai nauyi ɗaya. Kuma sai an samu makarantun da ba su karɓi sabon abin ba, masu kama da waɗanda suka karɓa, a auna su su ma. Yara suna girma, ko ba a yi komai ba za a ga ɗan ci gaba. Abin da ya ɗara na makarantun da ba a taɓa ba shi ne amfanin sabon abin. Tunda dama kayan ba sa isar kowa a shekarar farko, a yi ƙuri'a wajen rabawa, waɗanda ba su samu bana ba su samu baɗi. Kada a gwama makarantar cikin gari da ta lungu a ce littafi ne ya raba su.

Rahoto da abin da zai biyo baya

Shafi biyu sun isa. Tambayar da aka yi, makarantu da yara nawa aka gani, tebur ɗaya na matakan karatu, kwanakin da aka yi karatu na gaskiya, batutuwan da suka faɗa gida na huɗu, sai abubuwa uku da za a yi, kowanne da sunan ofishin da zai yi da ranar da za a duba. A yi kwafin Hausa domin SBMC da hakimi da dagatai da limamai, tunda maganar fashin ranar kasuwa da makara da safe a bakinsu take da tasiri.

A raba abin da za a yi gida biyu. Na hannun ƙaramar hukuma: fito da littattafai daga sito zuwa hannun yara, mayar da gogaggun malamai aji ɗaya zuwa uku maimakon a tara su a aji shida, ware sa'a ɗaya kullum a raba yara bisa matakin karatunsu ba bisa ajinsu ba, da haɗa malaman makarantu maƙwabta sau ɗaya a wata su koya wa juna batun da ke gagara. Na sama kuma, wato batutuwan da aka koyar suka ƙi shiga ko'ina, da ƙarancin malamai, da sikim ɗin da ya fi zango tsawo, a rubuta wa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da alƙaluma, a nemi ta miƙa wa ma'aikatar ilimi da NERDC.

Takardun gwajin a adana su a ofis cikin fayil mai kwanan wata, a ɓoye iri ɗaya da ba a yi amfani da shi ba domin zagaye na gaba. A sa ranar maimaitawa tun yanzu, a mako ɗaya na zango ɗaya a shekara mai zuwa, a makarantun nan dai, a ƙara wasu biyar sababbi da ƙuri'a ta fitar.